Abin da Garma Ta Ƙi

Idan kana da data, buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a wayarka, ka rubuta Pingelly. Za ta kai ka kudu maso yammacin Ostireliya, kimanin kilomita 158 daga birnin Perth. Gari ne ƙarami, mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Layin dogo da aka buɗe a 1889 ya ratsa shi, ga rumbunan hatsi na ƙungiyar manoma ta CBH a gefe. Ka matse hoton da yatsu biyu domin ka hango ƙasar daga nesa. Gonaki ne murabba'i-murabba'i, rawaya da ruwan ƙasa, har iyakar ganinka: alkama, sha'ir, kanola, da makiyayar tumaki. A tsakaninsu kuma za ka ga wasu ɗige-ɗige kore shar, kamar tabon miya a farar riga. Na arewa maso yamma shi ne Boyagin. Na gabas Tutanning. Manyan da ke kudu maso yamma, a warwatse, su ne dajin Dryandra. Gandayen daji ne da doka ta hana taɓawa.

Na daɗe ina kallon waɗannan ɗige-ɗigen, musamman tun da ƙanena ya kira ni a kan wata magana ta gida da zan zo gare ta. Tambayar da ta tsaya mini ita ce: wanda ya bar abu don ya kasa cinsa, yana da lada a kan barin? In kuma ba shi da shi, me ke kan waɗanda suka gaji abin da aka bari?

Kafin Turawa su zo, duk wannan ƙasa daji ce ta itatuwan turare iri-iri, dangin wanda muke shukawa a bakin makarantu muna kira zaiti. Masu neman gona sun koyi karanta ƙasa ta hanyar itacen da ke kanta. Inda suka ga turaren da suke kira samon-gam, mai santsin jiki da launin ja-ja, sun san ƙasa ce mai ƙarfi, nan aka fara sa gatari. A wajejen Pingelly yawancin sassaben da gatari da wuta aka yi shi, a zagaye bawon itace a bar shi ya bushe a tsaye, sannan a cinna masa wuta. Gwamnati ba kallo kawai ta yi ba. Tana ba mutum fili ne da sharaɗin ya share wani kaso cikin wasu shekaru, ya yi shinge, in ya kasa a karɓe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kawo katafila biyu suna jan sarƙa mai ƙaton ƙwallon ƙarfe a tsakiya, duk abin da ke tsaye tsakaninsu sai ya kwanta. A shekarun 1960 hukumar jihar tana alfahari da cewa tana sakin eka miliyan ɗaya a kowace shekara domin noma. Yau a tsakiyar yankin alkamar, fiye da kashi 90 cikin ɗari na dajin asali ya tafi.

To me ya ceci sauran? Boyagin ƙaton falalen dutse ne da tuddan marmara kewaye da shi, garma ba ta da abin yi a can. Tutanning ma tudun tsakuwa ne. A irin wannan ƙasa kuma akwai wani tsiro mai fure, dangin wake, da masana ke kira Gastrolobium. Tunkiya in ta ci ganyensa ba ta kwana. Makiyayan farko sun yi asarar garkuna kafin su gane, daga nan suka riƙa kauce wa duk inda yake da yawa. Shi kuwa Dryandra akwai ƙarin dalili na kuɗi: wani turare mai suna malet yana da bawo mai jeme fata, aikin da bagaruwa ke yi wa majemanmu. A farkon ƙarni na 20 an yi ta ɓare shi ana kai wa Jamus har ya kusa ƙarewa, sai hukumar daji ta killace wurin ta dasa shi tun daga shekarun 1920. Da sinadaran jima na masana'anta suka kashe kasuwar a shekarun 1960, dajin ya riga ya zama na hukuma.

Dutse, guba, da kasuwar fata. Babu tausayi a cikin ukun. Akwai ma hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Ƙasar rairayi ta yankin an daɗe ana raina ta, an bar ta da furanninta. Ranar da masana suka gano cewa in an zuba mata takin fosfet da ɗan jan ƙarfe da zinki za ta ba da alkama, sarƙa ta bi ta kanta. Ashe haƙurin dole ne. Da zarar dolen ta kau, haƙurin ya bi ta.

Mu da aka rene mu a kan cewa aiki da niyya yake tafiya, amsar kashi na farko ba ta da wuya. Ɓarawon da ya tarar da ƙofa a garƙame ya juya, ba za a kira shi amintacce ba. Kakannin manoman Pingelly ba su cancanci yabo a kan Tutanning ba, kuma ban ji suna nema ba.

Zargi fa? Nan maganar ta fi nauyi, domin ba za a ce ba a sani ba. A 1924 wani injiniyan jirgin ƙasa mai suna W. E. Wood ya wallafa abin da ya lura da shi: madatsun ruwan da ake ɗura wa tukunyar jirgi suna zama ruwan gishiri bayan an sare dajin da ke kewaye da su. Bayanin yau kowa a yankin ya san shi. Iska da ruwan sama sun yi dubban shekaru suna kawo gishiri kaɗan-kaɗan daga teku, yana taruwa can ƙarƙashin ƙasa. Itatuwa masu dogayen saiwoyi suna shanye ruwan damina kusan duka, gishirin yana kwance inda yake. Alkama saiwarta gajera ce, kuma rabin shekara kawai take raye, a shuka ta wajen Mayu a girbe wajen Nuwamba zuwa Disamba. Ruwan da ta bari yana gangarawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa shekara bayan shekara, yana narkar da gishirin yana ɗauko shi. Wata rana sai manomi ya ga kwarin gonarsa, inda ya fi albarka, ya yi fari fat kamar an shanya kanwa. Fiye da hekta miliyan ɗaya ta lalace haka a kudu maso yammacin jihar. A tabkin Toolibin, kudu maso gabas da Pingelly, famfuna aka kafa suna zuƙe ruwan gishiri daga ƙasa don kada itatuwan cikin tabkin su mutu.

An faɗa a 1924, amma sara mafi girma shekara talatin zuwa arba'in bayan nan aka yi shi. Wannan ba rashin sani ba ne. Sai dai ni ban iya ɗora laifin daidai-wa-daida a kan kowa ba. Tsohon sojan da ya dawo daga yaƙi, aka ba shi fili da bashin banki da takardar da ta ce ya share ko a ƙwace, ba matsayinsa ɗaya da wanda ya rubuta takardar ba. Shi yana ganin ƴaƴansa da lokacin biyan bashi. Gishirin kuwa ba ya fitowa a shekarar da aka yi sara, kuma sau da yawa ba a gonar mai saran yake fitowa ba, a ta maƙwabcinsa na gangare ne, bayan shekara ashirin. Laifin da sakamakonsa ke sauka a kan wani, a wani zamani, shi ne wanda zuciya ta fi saurin yafe wa kanta. Kuma in zan faɗi gaskiya, ina rubuta wannan ne da shayi da burodi a gabana. Yawancin alkamar jihar, kusan kashi 90 cikin ɗari, jirgin ruwa take hawa zuwa Indonesiya da Sin da Japan da Koriya, ta zama taliya a kwanon mutanen da ba su taɓa jin sunan Pingelly ba. Laifi tudu ne. Duk mai cin alkama yana tsaye a kan wani dajin da aka share, ko bai san sunansa ba.

Akwai waɗanda labarin sara ke mantawa da su. Ƙasar ta mutanen Noongar ce tun dubban shekaru, sunan garin ma daga harshensu ya fito, kuma dutsen Boyagin wuri ne mai alfarma a wurinsu. Dokar 1905 ta sa rayuwarsu a hannun jami'in gwamnati, har da ikon raba su da ƴaƴansu. An tura iyalai zama a matsugunai a bayan gari, a filayen da ba wanda ke so. Sannan aka ɗauke su aikin lada, su sare itatuwan ƙasarsu, su yi wa tumaki sausaya. Ka duba wannan da kyau: mutumin da ya fi kowa sanin darajar itacen, shi aka miƙa wa gatari, kuma ya karɓa don yaransa na jin yunwa. Wa zai tsaya ya yi masa wa'azin muhalli? Sai a 2021 wata babbar yarjejeniya tsakaninsu da gwamnatin jihar ta fara aiki, wadda ta haɗa da ba su hannu a kula da wasu gandayen daji. Abin da ya rage ne ake raba kulawarsa. Gonakin suna nan a hannun masu su.

Yanzu kashi na biyu na tambayar, wanda ya fi damuna. A cikin waɗannan ɗige-ɗigen akwai wata ƴar dabba mai suna numbat, girmanta bai wuce na kurege ba, bayanta da ratsin fari, harshenta dogo siriri. Gara kawai take ci, har dubu ashirin a yini, tana kwana a kogon itacen da ya faɗi. A da ana samun ta a faɗin kudancin nahiyar. Da jar yanyawar Turai, wadda aka sako a ƙarni na 19 domin wasan farauta, ta bazu, tare da kyanwoyin gida da suka koma daji, sai numbat ta ƙare ko'ina in ban da wurare biyu, ɗayansu Dryandra. Abin mamaki, gubar nan da ta kori makiyaya tana cikin abin da ake ganin ya taimake ta. Dabbobin asalin yankin sun tashi tare da tsiron, jikinsu ya saba da shi, baƙin mafarauta kuwa ba su da wannan kariya. Gubar da ke cikin ganyen ita ce dai ake haɗawa a masana'anta ana kira 1080. Tun farkon shekarun 1980 aka fara sa ta cikin busasshen nama ana watsawa a Dryandra, yanyawa ta ci ta mutu, numbat ta ƙaru. A 1985 aka ɗebi wasu aka kai Boyagin. A 1996 aka faɗaɗa shirin zuwa dazuzzukan jihar da yawa, ana jefa naman har daga jirgin sama.

Ka ga ke nan barin daji bai zama naɗe hannu ba. Ana kashewa ne don a rayar. Mutuwar 1080 kuma ba mai sauƙi ba ce, dabba tana farfaɗiya kafin ta cika, wani lokaci karen manomi ne ke tsintar naman. Yanyawa ba ta nemi a kawo ta ba, cikinta take nema kamar kowa. Akwai masu ganin cewa rai rai ne, ba mu da hurumin zaɓar wanda zai rayu, kuma ba na raina wannan magana. Amma na ga tana da rami: wanda ya ce ba zai zaɓa ba ya riga ya zaɓi yanyawa, domin in an daina watsa naman, ba a buƙatar malamin duba kafin a san wanda zai saura. Mutum ne ya kawo ta, mutum ne ya mayar da daji ƴan tsibirai da ba wurin gudu. Ba zai zo a ƙarshe ya wanke hannu ya ce Allah ya raba su ba.

Sai dai kada a ɗauka mai gyaran ya san abin da yake yi. Wata dabbar, woyli, ƴar ƙaramar kangaru mai girman zomo, ta farfaɗo sosai bayan an rage yanyawa, har a 1996 aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa, aka yi murna. Cikin shekaru goma da suka biyo baya kusan kashi 90 cikin ɗari nata suka ɓace, kuma bincike ya nuna kyanwoyin daji na da babban hannu a ciki, ga alama sun samu sarari bayan an rage abokiyar gogayyarsu. A 2008 aka mayar da ita jerin. Ko mai kyakkyawar niyya a nan lalube yake yi.

Hujjar da aka fi kawowa don kare daji ita ce amfaninsa, kuma gishiri ya tabbatar da ita: itatuwan nan aiki suke yi wa alkama ba a sani ba. Manoman yankin da yawa yau suna dasa layukan itatuwa a gonakinsu, suna killace rafuka, kuma ba sai an tilasta su ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Amma wannan hujja ba ta kai ga numbat. Duk itace mai doguwar saiwa zai rage ruwan ƙasa, ko akwai numbat a kogonsa ko babu. In ta ƙare gobe, buhun alkama ɗaya ba zai ragu ba. Wanda zai kare ta dole ya yarda cewa yana kare abin da ba ya ƙara masa komai, yana ma ci masa kuɗin haraji. Ni a nan na ga farkon abin da za a iya kira lada. Kakanni sun bari don sun kasa. Jikoki suna da injin da zai niƙe marmarar nan cikin mako guda, kuma gubar tsiron ba ta hana alkama fita. Gaskiya ne doka ce ke tsare wurin, har a Janairun 2022 aka ɗaga wani ɓangare na Dryandra zuwa gandun daji na ƙasa. Amma doka mutane ne ke yin ta, su ne kuma ke iya warware ta. Duk shekarar da ta wuce ba a warware ba, an sake yin barin, wannan karon da ido buɗe.

Malamanmu na fiƙihu sun san wannan ja-in-ja. Akwai babin raya mataccen fili, inda sare itace da fasa dutse da fito da ruwa ke cikin abin da ke ba mutum mallaka, kusan irin sharaɗin da aka gindaya wa manoman can. Kusa da shi kuma akwai hima, filin da shugaba ke killacewa ya hana kowa mallaka, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi a Rabaza. Abin da nake yawan tunani a kai shi ne kalmar matacce. Filin da ke cike da tsuntsu da gara da ƙwaro, mun kira shi matacce don bai ba mu hatsi ba.

Mu ma mun taɓa yin namu gudun alkamar. Da gwamnatin soja ta hana shigo da ita a 1987, farashi ya tashi, masu hali suka bazama fadamun Haɗeja da Nguru da injinan ban-ruwa, aka share ƙaya da yawa, makiyaya suka rasa mashaya da burtali. A farkon shekarun 1990 aka ɗage hanin, itatuwan kuwa ba su dawo da sa hannun kowa ba. Abin da ya saura irin su Baturiya da Dagona, ruwa da laka ne suka fi tsare su.

A gefen fadamar gonarmu ta gado akwai ɗan kurmi, bai kai eka ɗaya ba. Tsamiya ɗaya, kanya biyu, farar ƙaya da sarƙaƙiya, da suri wanda ya fi ni tsawo lokacin ina yaro. Kakanmu bai taɓa noma shi ba. Mu yara an ce mana tsamiyar tana da masu ita, kada a je bayan magariba. Da na girma babanmu ya yi dariya ya ce saiwoyin wurin ne suka karya wa tsoho garmar shanu har sau biyu, sai ya haƙura. A nan na fara ganin bushiya, a nan fakara ke kwana, a nan mata ke samun tsamiyar kunu.

Watan jiya ƙanena, wanda shi ke riƙe da gonar, ya kira ni. Ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa famfo mai aiki da hasken rana, yana son ya yi alkama da rani. Akwai mai katafila da ke aiki a ƙauyen gaba, ya ce rabin yini ya isa. Na fara yi masa bayanin Ostireliya da gishiri da ƴar dabba mai cin gara. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaya, kai albashi kake ci. Ni yara shida ne a gabana, biyu za su shiga sakandare. Bushiya za ta biya?"

Ban da amsa mai kyau. Ƙasarmu ba irin tasu ba ce, ba zan rantse masa cewa gishiri zai taso ba, kuma na ƙi in tsorata shi da masu tsamiya kamar yadda aka yi mana. Abin da na sani shi ne duk kaka yana aiko mini da buhun gero biyu a mota, rabona na gado, ban taɓa riƙe fartanya a kansu ba tun da na bar gida. In kurmin yana da daraja a wurina, bai kamata shi kaɗai ya biya kuɗinsa ba. Na ce masa ya riƙe buhunan daga bana, ya kuma lissafa abin da yake ganin ekar za ta ba shi na alkama bayan ya cire taki da iri, mu ga ko zan iya ɗaukar rabi.

Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce bai taɓa jin wanda ya yi hayar gona don kada a noma ta ba. Ya ce zai yi shawara da Inna, zai kira ni bayan Sallah. Mai katafilar dai yana nan ƙauyen gaba har ƙarshen wata.